Mutuwar Mai Zanen Dodanni: Abin da Bernie Wrightson Ya Bar wa Marubuci

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a wuri irin Bacirawa, arewa da birnin Kano, tun gabanin gine-gine su fara cinye gonaki, ya san Dodo farin sani, amma bai taɓa ganin fuskarsa ba. Bayan an ci tuwon dare akan taru a tsakar gida, kaka tana tatsuniya, fitilar a-ci-bal-bal tana wurga inuwar rumbu a jikin danga, iska kuma tana kaɗa ganyen dawa a bayan gida. Ba a faɗa mana tsawon Dodo ko yawan haƙoransa ba. Kowane yaro shi ke ƙera nasa a cikin duhun da fitilar ba ta kai ba.

A nan wahalar mai zanen labaran ban tsoro take. An ce ya fito da abin da ƙarfinsa duk yana cikin ɓoyuwa. In ya nuna komai, tsoro ya gudu. In bai nuna komai ba, bai yi aikinsa ba. Daga cikin 'yan ƙalilan da suka iya tsallake wannan siraɗi akwai wani Ba'amurke, Bernie Wrightson, wanda ya mutu ranar 18 ga Maris, 2017, yana da shekara 68, bayan jinyar ciwon dajin ƙwaƙwalwa. Shekaru sun shuɗe, amma masu zane ba su daina jimaminsa ba. Mu ma, da yake sana'armu maƙwabciyar tasa ce, ya dace mu tsaya mu duba abin da ya bari.

Wane ne shi?

An haife shi a 1948 a yankin Baltimore ta ƙasar Amurka. Ya fara aikin zane a jaridar Baltimore Sun, daga nan ya koma mujallun da ke ba da labari cikin zane. A 1971 shi da marubuci Len Wein suka ƙago Swamp Thing, wato Dodon Fadama. Da labarin ya samu mujallarsa ta kansa a 1972, Wrightson ne ya zana fitowa 10 na farko. Ya yi wa Stephen King zanen littafin Cycle of the Werewolf a 1983. Amma bakandamiyarsa ita ce zane kusan 50 da ya yi wa Frankenstein, littafin da Mary Shelley ta wallafa a 1818. Kimanin shekara 7 ya kwashe yana wannan aiki da alƙalami da baƙar tawada kawai, ba wanda ya sa shi, ba wanda ke biyan sa, har aka buga shi a 1983.

Ina gwanintar take?

Abu na farko shi ne yadda ya san darajar baƙi. A zanensa duhu ba wurin da aka bari ba ne don kasala, shi ma gini ne. Yakan jera siraran layuka dubbai, wasu a matse wasu a sake, har haske ya fito daga tsakaninsu, irin salon da ya koya daga ayyukan Franklin Booth. Sai ya haska kafaɗa, ko hannu, ko rabin fuska, sauran ya bar wa mai kallo ya ƙarasa. Wato dai dabarar kakanninmu ce ta tsakar gida, aka juye ta a takarda.

Na biyu, ya karanta littafin da zai zana. Kafin shi, mafi yawan mutane sun san halittar Frankenstein ne ta fuskar Boris Karloff a fim ɗin 1931, mai shafaffen kai da ƙusoshi a wuya. Wrightson ya ajiye wannan, ya koma ga siffar da marubuciyar ta bayar: dogon baƙin gashi, ƙanƙamammiyar fata, jiki mai ƙarfi da zafin nama. Ya amince da marubuciyar fiye da majigi.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, dodanninsa suna da ban tausayi. Dodon Fadama masanin kimiyya ne da wuta ta ƙone, ya faɗa fadama, ya taso jikinsa duk saiwoyi da gansakuka, yana tuna shi mutum ne amma ba mai yarda. Idan mai karatu ya dubi idanunsa, zai fara da razana ya ƙare da jimami. Tsoron da ba tausayi a cikinsa, da an rufe littafi ya wuce. Wanda ya haɗu da tausayi kuwa, shi ke bin mutum har shimfiɗa.

Ba za mu ce aikinsa ba aibi ba. Akwai shafukan da ado ya yi musu yawa, alal misali ɗakin gwaje-gwajen Frankenstein, inda kwalabe da littattafai suka cika ko'ina har ido ya shagala da kayan ɗaki ya manta da masu ɗakin. Haka nan wasu labaran da ya zana a shekarun 1970 sun bi al'adar zamaninsu ta mai da mace abin farauta ko abin ƙyama. Duk da haka tasirinsa bai ɓuya ba. Mike Mignola, mai Hellboy, da mai shirya fina-finai Guillermo del Toro, duk sun sha faɗin bashin da yake bin su. A 2019 an yi gwanjon ainihin zanen bangon Frankenstein ɗin nasa a kan fiye da dala miliyan 1.

To, mu fa?

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutuwar Wrightson ta sa an rubuta tarihinsa, an tattara ayyukansa, domin sunansa yana jikin kowane shafi da ya zana. Namu masu zanen fa? Wanda duk ya karanta Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce a firamare yana tuna zane-zanen ciki kamar yadda yake tuna labaran. Sunan Abubakar Imam yana bakin kowa, amma ba kasafai ake jin an ambaci hannun da ya yi zanen ba. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, zanen bango shi ke fara kiran mai saye a rumfunan Sabon Gari, tun bai buɗe shafin farko ba. Masu wannan aiki akan sallame su da ɗan abin da ya samu, sunansu in ya fito a can wani lungu yake da ƙananan haruffa. Daga baya kwamfuta ta zo, aka koma yanko hotunan 'yan fim ana liƙawa. Mai zane ya mutu a cikinmu, ba lalle ne ƙungiya ta ji ba, balle ta yi masa ta'aziyya a shafi irin wannan.

Hasarar ba tasu ce su kaɗai ba. Muna da littattafan yaƙi da na almara birjik, cike da aljannu da matsafa, amma a dubi bangonsu: dodannin aro ne, masu fukafukan jemage da sulken Turawa. Alhali Wrightson daga ciyawa da taɓon ƙasarsa ya gina dodonsa. Ina wanda zai gina mana namu daga kainuwar kududdufi, ko kogon tsohuwar kuka, ko duhuwar tsamiya da tsakar rana? Doguwa, da 'yan ruwa, da fatalwa, da maye mai kama kurwa, duk suna nan suna jiran hannu.

Ga masu tasowa kuma akwai darasin rubutu. Sau da yawa marubuci yakan ba aljaninsa kai 7 da ido 40 da haƙora kamar takubba, duk a sakin layi ɗaya, yana zaton ya tsoratar. Lissafi ya yi, ba tsoro ba. Gara ya nuna mana sawun ƙafa a bakin rijiya, ya bar sauran a duhu.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa da abu huɗu. A ba mai zane littafin ya karanta kafin ya ɗauki alƙalami. A rubuta sunansa a inda ido zai gani. A biya shi hakkin da ya dace da guminsa. Sannan rassan ƙungiya su nemo tsofaffin masu zanen bangon da ke raye, a ji tarihinsu daga bakinsu, a adana ainihin zanen da ya rage a hannunsu tun gara ba ta riga mu ba. In mun yi haka, jimamin da muka yi wa baƙo ya amfani 'yan gida.