Laifin Sunan Wayar Hannu

Hausawa sun ce suna linzami ne. To, ga alama linzamin da aka sa wa abin nan da mu ke kira wayar hannu ya ja mu inda bai kamata ba. Asalin waya dai zaren ƙarfe ne, irin wanda aka ja bisa turaka daga gari zuwa gari domin tangaraho da tarho. Wannan kuwa da ke cikin aljihu ba ta da zare ko taƙi ɗaya. Rediyo ce sosai, sai dai ta fi akwatin rediyo da abu guda, watau shi karɓa kaɗai ya ke yi, ita kuwa ta karɓa ta kuma aika. Mutanen da, da suka ce wayar iska, sun fi mu kusa da gaskiya.

Ran 3 ga Afrilu 1973 Martin Cooper na kamfanin Motorola ya yi magana da irinta ta fari a bakin titi cikin birnin New York. Dabarar ita ce a raba ƙasa gida-gida kamar saƙar zuma, kowane gida da ƙarfen sabis nasa, in mutum ya fita daga wannan gida sai ƙarfen ya miƙa shi ga na gaba, shi bai ko sani ba. Daga sunan gidajen nan a Turance aka sami kalmar salula. Tsarin GSM, wanda ya iso Nijeriya cikin 2001, ya zo da zango biyu, na megahaz 900 da na 1800.

Mai karatu ya ce, mene ne na damuwa da suna? Ga abin damuwar. Da ya ke an manta ita ma aikawa ta ke yi, sai tsoro duka ya koma kan ƙarfen sabis. Ka ga unguwa ta tashi tsaye, wai kada a kafa shi kusa da gidaje don yana kawo cuta, sa'an nan su ɗin dai su ke kuka wai ba sabis. Alhali ƙarfin igiyar rediyo raguwa ya ke yi da nisa, in nisan ya ninka biyu a fili sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙarfen yana can sama, wayar kuwa tana manne da kunne. Har wa yau, in ƙarfen ya yi nisa sai wayar ta ɗaga murya, kamar mai kiran wani daga ƙetaren kogi, har ta kai wat 2 a zangon 900. Shi ya sa batir ya ke saurin ƙarewa a ƙauyen da sabis ba shi da ƙarfi. Ashe wanda ya kori ƙarfen daga unguwa ya ƙara wa kunnensa abin da ya ke gudu.

Ba mu ce a rufe bincike ba. Cikin 2011 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa igiyoyin nan cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo shi, ba ta ce an tabbatar ba, kuma abin da ta fi dubawa shi ne wayar da a ke kangawa a kunne. Wanda hankalinsa bai kwanta ba sai ya buɗe lasifikarta, ya nisanta ta da kansa ko da kamu ɗaya.