Matsalar Ma'anar Kiɗa a Nazarin Adabin Baka na Hausa

1.0 Gabatarwa

Manazarta da dama sukan bayyana kiɗa da cewa sauti ne tsararre mai daɗin saurare. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan ma'ana, wadda aka aro daga nazarin Turawa, ba ta wadatar ba idan aka auna ta da tunanin Bahaushe, kuma rashin wadatarta ya yi wa nazarin waƙar baka illa.

2.0 Ma'anar Kiɗa a Wurin Bahaushe

Abin da Bature ya tattara cikin kalma guda, Bahaushe rarrabe shi ya yi. Akwai kiɗa, wanda ya ƙunshi dukan ganga da kaɗa molo ko garaya. Akwai busa, kamar ta algaita da sarewa da kakaki. Akwai kuma waƙa, wadda ke iya tsayuwa da ƙafarta ba tare da kayan kiɗa ba, kamar yadda ake rera rubutattun waƙoƙi. Haka nan, ƙira'ar Alƙur'ani da kiran salla suna da zaƙin murya da tsari, amma babu Bahaushen da zai kira su kiɗa ko waƙa. Ashe ke nan ba daɗin sauti kaɗai ke yanke hukunci ba. Muhalli da manufa su ne ma'auni.

Wani abin lura shi ne, kiɗan Hausa magana ne. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, makaɗin kalangu yakan matse shi a hammata ko ya sassauta, sai sautin ya hau ko ya sauka daidai da hawa da saukar gaɓoɓin kalma. Wannan shi ne tushen take. Mutum yakan ji takensa daga nesa ya gane da shi ake, alhali ba a buɗe baki ba.

3.0 Tasirinsa ga Rayuwa

Tun a 1971 Ames da King suka fahimci cewa ba a raba kiɗan Hausa da masu shi da lokutan yin sa. Tambari da kakaki na sarauta ne, kalangu an san shi da mahauta, ƙwarya da shantu kuwa na mata ne. Kiɗan noma yana zaburar da manoma a wurin gayya, yadda Ɗan Anace ya riƙa zuga 'yan dambe. Kotson Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo sun adana tarihin gidajen sarauta, yayin da Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntigi ya yi wa talaka waƙa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya fitar da kalangu daga da'irar sana'a guda ya kai shi ga kowa. A duk waɗannan misalai, kiɗa yana nuna matsayin mutum, yana kuma sa shi aiki.

4.0 Illar Gurguwar Ma'ana

Saboda an ɗauki kiɗa a matsayin ado kawai, ɗalibi yakan juyi baitoci daga kaset zuwa takarda, ya fito da jigo da salo, ya yi watsi da ganga da amshi. Ta haka rabin saƙon ya salwanta, domin sau da yawa abin da mawaƙi ya sakaya, ganga ce ke ƙarasa shi. Matsalar ta ƙara tsanani da zuwan waƙoƙin sutudiyo, inda fiyano ya maye gurbin 'yan kiɗa, ga kuma masu fahimtar take suna ta raguwa.

5.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ganin ya fi dacewa a bayyana kiɗa da cewa tsararren sauti ne na kayan kaɗawa ko busawa, wanda ke isar da saƙo ga wasu mutane a wani muhalli sananne. Wajibi ne sassan koyar da Hausa su naɗi take tare da fassararsa daga bakin makaɗa, tun masu saninsa suna raye.