Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Nazari a Kan 'Yar Alamar Tsini

Akwai wata 'yar alama mai siffar jinkar ɗaki (^) wadda ke aiki a gidaje uku, kowane gida da ma'anar da ya ba ta. A rubutun kiɗan Turai sunanta markato. In ta hau kan ƙwayar sauti, umarni ne ga makaɗi ya buga ta da ƙarfi fiye da maƙwabtanta. A hannun mai gyaran rubutu sunanta karet, kalmar Latin mai nufin akwai abin da ya rasa, tana nuna gurbin da za a cusa abin da aka tsallake. A ƙamusoshin Paul Newman kuwa, hularta a kan wasali tana nuna karin sauti faɗau, shi ya raba mâi na miya da mài na mallaka.

Matsayin wannan nazari shi ne: editan da ke hukunci da siffa kaɗai yana cin amanar marubuci. Beethoven ya ga wannan haɗari tun da wuri. A shekarar 1825, yayin da ake kwafar aikinsa mai lamba 132 na kayan tsirkiya huɗu, ya rubuta wa Karl Holz wasiƙa yana jaddada cewa ɗigo da ɗan layin tsaye a kan ƙwayar sauti ba abu ɗaya ba ne. Duk da haka, bugu da dama na baya sun mayar da alamomin biyu ɗaya, suka bar makaɗi da karatun edita maimakon nufin mai aikin.

Masu kare editoci za su ce rubutun hannun Beethoven yana da wuyar karatu, ɗigonsa kan miƙe ya koma layi idan alƙalami ya yi sauri. Wannan gaskiya ne. Amma wuyar karatu hujja ce ta bayyana shakku a gefen shafi, domin makaɗi ya yi nasa zaɓin. Share bambancin a asirce yanke hukunci ne ba tare da sanin mai karatu ba.

Ɗalibin adabin Hausa ba baƙo ba ne a wannan shari'a. Duk mawallafin da ya sauke lanƙwasar ƙ ya mayar da ƙafa kafa, laifinsa ɗaya ne da na wanda ya share layin Beethoven. Ƙanƙantar alama ba ta rage nauyin amanar da aka ɗora mata.