Kayan kaboyi da labarin da ke cikinsu

A garin Tombstone na jihar Arizona ta ƙasar Amurka, kusan kowace rana ana taruwa a kalli wasan kwaikwayon wani faɗa da aka yi ranar 26 ga watan Oktoba na 1881. Faɗan bai wuce kamar daƙiƙa 30 ba, mutum uku suka mutu a cikinsa, amma an fi ƙarni guda ana maimaita shi a littattafai da majigi da dandali. Daga irin wannan sha'awa ne ƙungiyoyin masu kwaikwayon rayuwar yammacin Amurka ta dā suka samo asali. Ma'aikata ne da ƴan kasuwa da malamai, waɗanda idan hutu ya zo sai su sa malafa da takalman sukuwa, su ɗauki sunayen aro, su kafa tantuna, su yi girki a kan murhu.

Abin bai tsaya a Amurka ba. A Jamus an kafa ƙungiyar ƴan kaboyi a birnin Munich tun 1913, kuma tun 1952 ake nuna labaran Karl May a fili a garin Bad Segeberg. Shi Karl May ya rubuta shahararrun littattafansa bai taɓa ganin Amurka ba. Da ya je a 1908, iyakarsa gabashin ƙasar.

Dole a yaba wa masu wannan sha'awa ta fuska ɗaya. Suna da haƙurin bincike. Wanda ya ɗinka sirdi da hannunsa, ya koyi jima, ya kwana a ƙasa cikin sanyi, ya san wani abu game da wahalar makiyayi wanda mai karatu a ɗaki bai sani ba. Sana'o'in hannu da dama da suka kusa ɓacewa sun sami masu riƙe su ta wannan hanya.

Sai dai inda gizo ke saƙa shi ne, akasarinsu sun fi kula da ingancin maɓalli da kube fiye da ingancin labarin. Hoton da suke kwaikwayo ya fito ne daga dandalin William Cody, wanda aka fi sani da Buffalo Bill. A 1883 ya kafa babban wasansa, ya kai shi Landan a 1887 da Paris a 1889, har sarkin yaƙin ƙabilar Lakota, Sitting Bull, ya yi ƴan watanni a cikin tawagarsa a 1885. Ke nan tun yaƙin bai ƙare ba aka mai da shi abin kallo na kuɗi. Majigi ya gāji wannan hoto, ƙungiyoyin suka gāje shi daga majigi.

Tarihi kuwa ya sha bamban da hoton. Zamanin kora manyan garkunan shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas bai wuce kamar shekara 20 ba, daga 1866. Kaboyi ɗan ƙwadago ne mai ƙaramin albashi, aikinsa kiwo, kamar yaron da ke bin shanun wani. Masana tarihi da yawa sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na makiyayan nan baƙaƙen fata ne, wasunsu ƴantattun bayi, kuma sana'ar kanta daga makiyayan Meziko aka koye ta. Shi kansa Tombstone yana da dokar da ta hana yawo da makami a cikin gari a 1881, kuma zuwa karɓe bindigogi ne ya haddasa shahararren faɗan. Garin da ya yi ƙoƙarin raba mutane da bindiga, yau da bindiga yake cin abinci.

Akwai kuma abin da tufafi ba sa iya nunawa. Ɓaunayen da suka kai miliyoyi a filayen ƙasar an karkashe su har suka koma ƴan ɗaruruwa kafin 1890, domin haka abincin ƴan asalin ƙasar ya yanke. Ranar 29 ga Disamba na 1890, sojojin Amurka suka kashe ƴan Lakota sama da 200 a Wounded Knee, da yawansu mata da yara. Jikokinsu suna nan da ransu. Idan baƙo ya ɗora hular gashin mikiya, wadda a wurinsu sai jarumin da ya cancanta ke sa ta, ya ce girmamawa yake yi, ba laifi ba ne a tambayi masu hular ko haka suke gani.

Wanda ya fahimci wannan al'amari da wuri ɗan Nijar ne. A 1966 Moustapha Alassane, wanda ya daɗe yana zaune a Tawa kafin rasuwarsa a 2015, ya fitar da Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa. Suka sake sunaye, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu, daga ƙarshe suka juya wa juna. Zalika Souley da Djingarey Maïga suna cikin ƴan wasan. Alassane ya nuna cewa rigar tana zuwa da halinta: wanda ya ari tufa bai binciki labarinta ba, labarin ne zai sa shi. Zanen aro, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara.

Darasin ya shafi malamai da ƙungiyoyin al'adu da ke shirya wasannin tarihi a ƙarshen shekarar lakwal. Kwaikwayo hanya ce mai kyau ta koyarwa, muddin an tambayi wanda ya fara ba da labarin, da wanda aka cire daga cikinsa. Ko faɗan Tombstone za a nuna, ko tsayuwar Sarauniya a Lugu a 1899, ɗinka riga shi ne aiki mafi sauƙi. Mai wuyar shi ne a ba waɗanda aka ci da yaƙi bakin magana a kan dandali.