Gwanar da ke bayan alƙaluman lafiya

Idan aka ji a rediyo cewa cikin yara 1,000 da ake haifa a Nijeriya, 132 ba sa kai shekara biyar, mutane kan zaci daga kundin asibiti aka kwaso lissafin. Asibiti ba ta da shi. Yawancin matan Arewa a gida suke haihuwa, kuma jaririn da ya rasu da safe a ƙauye, kafin azahar an yi masa sutura, babu takardar da ta san zuwansa balle komawarsa. Wannan adadi ya fito ne daga binciken yawan jama'a da lafiya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar. An zauna da mata fiye da 41,000 masu shekara 15 zuwa 49, ɗaya bayan ɗaya. Malaman jami'a da ke rubutu kan mace-macen yara, ko kan ratar da ke tsakanin mai hali da talaka, daga wannan rijiya suke ɗiba. Wadda ta haƙa rijiyar kuwa ba a cika ambatonta ba: ma'aikaciyar da ta yi sallama, ta wuce zaure inda namiji baƙo yake tsayawa, ta zauna a kan tabarma da kwamfutar hannu a cinyarta.

Kada a ce ai tambaya ce kawai. Gwada tambayar Bahaushiya 'ya'yanta nawa ka ji. Wata za ta yi murmushi ta ce "suna nan, Allah ya raya." Wata za ta tsallake ɗan fari, wanda kunya ta hana ta ko kiran sunansa. Wanda ke hannun kaka ko gwaggo a riƙo ya fita daga lissafi, ɗan kishiya da ta raina kuma ya shigo. Shi ya sa ba a jefa tambayar a dunƙule, gutsuttsura ta ake yi. Maza nawa ne suke tare da ke a gidan nan? Mata nawa? Akwai waɗanda suke raye amma suna wani wuri? Sai an gama da waɗannan, hira ta yi laushi, sannan a taɓo mai ciwon: waɗanda suka rasu. Mai tambaya ce ke haɗa jimilla da kanta, uwar ba ta ƙirga kowa ba.

A nan ne ake gane gwana. Jaririn da ya koma kafin ranar suna, iyaye da dama ba sa sa shi a lissafi. Ba ƙarya suke yi ba. Ba shi da suna, kuma an yi haƙuri an bar wa Allah. Amma shi ne ainihin wanda binciken ke nema, domin kwanakin farko su ne suka fi cin jarirai. Sai gwana ta sassauta murya ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ko akwai wanda ya zo ya yi kuka, ko ya motsa, ko ya yi numfashi, sannan ya koma?" Amsar ce za ta raba ɓari, da wanda aka haifa babu rai, da wanda ya rayu ko da na sa'a guda, kuma kowannensu da muhallinsa a lissafi. Idan ta ga shekara huɗu ko biyar tsakanin haihuwa biyu, a wurin matar da ta saba yaye wani ta ɗauki cikin wani, ba za ta wuce ba. Za ta koma a hankali ta ji ko akwai wanda ya faɗo tsakani. Sau da yawa akwai.

Sai maganar shekaru, wadda ita ma rigima ce. Wanda ba shi da takardar haihuwa yakan ce talatin, ko arba'in, ko arba'in da biyar. Da wuya ka ji talatin da bakwai. Masana har ma'auni suke da shi, mai sunan Whipple, na gano yadda mutane ke cunkushewa a shekarun da suka ƙare da sifiri ko biyar. Gwana ba ta karɓar "talatin" ta rubuta. Takan nemi abin da ba a mantawa: lokacin annobar sanƙarau ta 1996 kin yi wayo? Da Abacha ya rasu a 1998 an yi miki aure? Rasuwar Sarkin Kano Ado Bayero a 2014 ta same ki da goyon wa? Watan haihuwa kuma takan kamo shi ta damina da kaka da hunturu, ko ta azumi da babbar sallah, tana sane cewa watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara.

Har shekarun mamaci akwai ƙa'ida: wanda bai kai wata ba a rubuta kwanaki, wanda bai kai shekara biyu ba a rubuta watanni. Uwa za ta ce "ya shekara." Wata 11 ne ko 13? Bambancin shi ne zai sa yaron cikin mace-macen jarirai ko ya fitar da shi. Sai a tambaya ko ya fara tafiya, ko an yaye shi.

Tushen dabarar tsoho ne. William Brass, masani ɗan Birtaniya da ya yi aikin ƙididdiga a Gabashin Afirka, shi ya nuna cewa daga yawan 'ya'yan da mace ta haifa da yawan waɗanda suka rage ana iya ƙiyasta mace-macen yara a ƙasar da ba ta da rajista. A 1989 shi da Wendy Graham da Robert Snow suka wallafa hanyar tambayar mutum labarin 'yan'uwansa mata don gano mutuwa wajen haihuwa, bayan sun gwada ta a Gambiya. Lissafi ne mai ban sha'awa, amma idan amsar tsakar gida ta karkace, babu farfesan da zai miƙar da ita a ofis.

Aikin yana da jarrabawa ta amana kuma. Duk yaron da aka haifa cikin shekaru biyar na baya yana jawo doguwar tambaya kan awo, rigakafi, zazzaɓi da gudawa. Ma'aikacin da ya gaji yana iya ƙara wa yaro shekara guda ya huta, kuma masu nazari sun sha ganin alamar haka a bayanan ƙasashe da dama. Wadda ta rubuta gaskiya, da rana tsaka, a gida na ƙarshe, ba mai dubanta, a ganina ta cancanci a sa sunanta kusa da na masu rahoton.

Tun 2006 Nijeriya ba ta sake ƙidayar jama'a ba, kuma a farkon 2025 Amurka ta yanke kuɗin da take zuba wa shirin irin wannan bincike a ƙasashe da dama tun 1984. Ya rage ga gwamnatocinmu su horar da waɗannan mata su biya su a kan lokaci. Kai kuma maigida, idan mai unguwa ya rako su ƙofarka, ka yi musu izini su shiga, ka ja gefe ka bar uwargida ta amsa da bakinta.