Kafin Fasfo Ya Iso Hannunka

Duk wanda ya taɓa zama kan benci a ofishin fasfo ya san zafin jira. Abin da ba kowa ke gani ba shi ne aikin da ake yi a ɗaya gefen tebur, inda jami'in Hukumar Shige da Fice yake duƙufe a kan takardu.

Yakan fara da baje su a gabansa: takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, shaidar ƙaramar hukuma, da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Sai ya bi suna harafi bayan harafi. Nan an rubuta Muhammadu, can Mohammed, a wata kuma an ƙara sunan gari. Malalaci zai ce ai duk ɗaya ne, ya buga hatimi ya wuce. Gwani kuwa ya san harafi guda na iya hana maniyyaci hawa jirgi, don haka sai ya dakata, ya tambaya, ya sa a gyara tun ana gida.

Daga nan sai hoto da zanen yatsu. "Baba, a ɗan ɗaga kai, a dubi nan." Yatsun manomi da fartanya ta cinye zanensu sukan ƙi fitowa a na'ura. Ba ya tsaki. Sai ya goge gilashin, ya sa a murza yatsan, a sake dannawa a hankali har zanen ya bayyana. Tun 2007 da Najeriya ta fara fasfo na lantarki, ana adana bayanan mutum a wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke ɓoye a jikin littafin.

Yanzu dubi ƙasan shafin hotonka. Layi biyu ne, kowanne da gurbi 44, na'ura ke karanta su. Ana ninka alƙaluman ranar haihuwarka da 7, 3, 1 bi da bi, a tara, a raba da 10; ragowar ita ce lambar da ke biye da ranar. Duk wanda ya sauya alƙalami guda, lissafi zai tona shi. Amma lissafi ba ya gane kuskuren da aka shigar tun farko. Wannan sai idon jami'i, idon da shekaru suka wasa.

Ranar da ka karɓi koren littafinka, ka ga sunanka daidai babu ragi babu ƙari, ka tuna wani ne ya tsaya a kansa. Ka ce masa sannu da aiki, Allah Ya saka da alheri.