Mastas a kare lafiyar ma'aikata: ina rabon mai feshi na Rogo?

Wani yayi ya shigo tsakanin ƙannenmu masu digiri, kuma na san kun lura da shi. Da an gama bautar ƙasa, sai ka ji an ce za a tafi mastas a fannin kare lafiya da rayukan ma'aikata. Wasu sun nufi Jami'ar Fatakwal, inda ake da cibiya sukutum ta wannan karatu. Wasu suna tara kuɗin jarrabawar NEBOSH ta Ingila. Ana gamawa sai hoto da farar hular kwano da riga mai ƙyalli, mu kuma mu yi ta zuba barka da Allah ya sanya alheri. Ƙannena, hular ta yi muku kyau, ban hana ba. Na ji daɗin yayin nan har raina, don ilimi ne da ke tsare rai. Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya.

Ka tambayi ɗayansu a kan me ya rubuta kundin bincikensa. Matatar mai. Rijiyar mai a cikin teku. Kamfanin gine-gine a Abuja. Ka tambaye shi ina yake son aiki, ya ce Legas, ko Katar, ko Dubai. Yaron nan kuwa ɗan Ƙaraye ne ko ɗan Rogo, kuɗin makarantarsa daga rake da masara da barkono suka fito. Wanda ya yi feshin gonar da ta biya masa rajista, ko layi ɗaya bai samu a kundin ba. To ina rabon mai feshi?

Ku da kuka san hanyar Zarewa da Fulatan da damina, ko fadamun da ke shan ruwan dam ɗin Challawa da rani, ba sai na zana muku shi ba. Matashi ne goye da injin feshi, ƙafa ba takalmi ko da silifas, riga ta jiƙe sharkaf saboda murfin yana yoyo a gadon bayansa. Da hannu yake dama maganin. Idan bakin injin ya toshe, ya sa bakinsa ya hura. Iska ta juyo masa da feshin a fuska, ya goge da hannun riga ya ci gaba, domin kuɗinsa a kan yawan abin da ya fesa ne. In ya tashi, jiri na ɗibarsa, sai a ce ya sha madara ko nono, wai yana kashe dafin. Ba ya kashewa. Robar da ta ƙare kuma a ɗauraye ta a kai gida, a zuba man gyaɗa ko ruwan sha.

Wanda ya yi mastas ya san abin da wannan yaro bai sani ba. Ya san maganin ciyawar nan paraquat huhu yake ci, kuma ba shi da makari. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, NAFDAC ma ta haramta shi daga farkon 2024. Ya san dangin fiya-fiya ta fata ma suna shiga jiki, kuma alamarsu dalalar da miyau ce, da gumi, da ƙanƙancewar ƙwayar ido, da sarƙewar numfashi, kuma allurar atropine tana ceton rai idan an kai mutum asibiti da wuri. Ya karanta binciken nan na 2020 da ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 385 ne maganin feshi ke yi wa illa bisa kuskure duk shekara a duniya, wajen kashi 44 cikin ɗari na manoma. Ya haddace duk wannan ya ci jarrabawa da shi. Sannan ya naɗe ya tafi da shi inda injiniyoyi masu takalmin ƙarfe suke, mutanen da dama an riga an kewaye su da dokoki da likitan kamfani.

Ba feshi kaɗai ba. Je ka wajen masu mazarƙwaila ka ga yadda ake tura rake cikin injin matsa da hannu tsirara, ga tukunya na tafarfasa a gefe, ga yara na gilmawa. Je ka injin sussukar masara ko na niƙa ka ga bel yana gudu ba murfi, mai injin kuma da riga mai faɗi. Kowannenmu ya san wani mai yatsu uku, ko wanda kunnensa ya tafi saboda ƙarar inji, ko mai casar shinkafa da tari ya zame masa abokin zama. Ga mai haƙar rijiya da ake saukar wa injin jan ruwa cikin rami hayaƙi ya turnuƙe shi. Ga masunta a kan dam ba rigar ruwa. Murfin bel, maƙerin kasuwa zai ƙera shi a yini guda. Wa zai auna, ya zana, ya nuna masa? Aikin mai mastas ke nan, amma mai mastas yana cike takardar biza.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a aikace doka ma ba ta kai gare su, kuma masu ilimin da ya kamata su ɗaga murya sun yi shiru. Dokar masana'antu ta 1987 masana'anta take kallo, gona ba ta cikin lissafinta. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai kamfani ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF. Ɗan ƙwadagon da ake sallama da yamma a bakin gona, wane albashi gare shi a rubuce? Idan inji ya cinye masa hannu, diyyarsa sannu ce da kuɗin allura, sai kuma a ce ƙaddara. Na yi imani da ƙaddara, amma malamanmu kullum suna karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadin aikinsu, tana kuma da yarjejeniya ta musamman a kan aikin gona tun 2001. An karantar da ku ita a aji. Wa ya taɓa fassara ta ga sarkin noma?

Mun ga ƙarshen irin wannan sakaci a Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Sana'ar iyaye ce ta bi ƙura ta shiga ɗaki. Sai da likitocin MSF suka zo daga waje aka gane abin da ke faruwa. Robar maganin feshi da ke ƙarƙashin gado a Rogo, hanyar ɗaya ce.

Na sani, za ku ce ƙaramar hukuma ba ta da gurbin jami'in kare lafiyar ma'aikata, kuma mutum bai kashe kuɗin mastas don ya zauna ba albashi ba. Gaskiya ne, ku je ku nemi halalinku. Amma zaɓen abin da za a yi bincike a kai ba ya buƙatar takardar ɗaukar aiki. Kundi dai dole ka rubuta shi. Me zai hana ka rubuta shi a kan masu feshi ɗari na Ƙaraye, ka ƙirga nawa ke da takunkumi, nawa suka taɓa suma a gona? Su ma malaman jami'a da ke sa hannu a kan taken bincike, a Bayero da Zariya, da alhakinsu a ciki.

Ranar 28 ga Afrilu ce ranar kare lafiyar ma'aikata ta duniya, kuma tana faɗowa daidai lokacin da ake sharar gona ana sayen magani. Ƙannena masu farar hula, a bana ku bar ɗakin taron otal. Ku nemi izinin hakimi da sarkin noma, ku tara masu sayar da maganin feshi da masu fesawa ranar kasuwa, ku yi musu bayani da Hausa, ku nuna musu yadda ake dama magani da sanda, da yadda ake huda robar da ta ƙare don kada a sake zuba abinci a ciki. Wanda ya shirya zuwa ya yi mini magana, zan haɗa shi da masu unguwanni.